Ranar da Habibu Ya Faɗi a Langa

Duk unguwarmu a Samaru cewa aka yi aljanu ne suka taɓa ƙanena Habibu. Ƙarya ne. Ba aljani, ba sammu. Ƙari ne ya fito masa a ƙwaƙwalwa, kuma mu muka zuba masa ido har ya girma.

Yana ɗan ƙarami aka yi masa maganin sankarar jini, har da gasa kai da na'ura. Sumarsa ta zube, ta dawo, ya warke. Likita ya ce a riƙa kawo shi ana dubawa, don gashin na'urar kan jawo wani ciwon bayan shekaru. Sai Gwaggo Asabe, yayar Baba, ta taso daga Sabon Gari, aka soya waina aka raba wa yara sadaka, ta kafa doka: "Wanda Allah ya warkar, komawa asibiti butulci ne." Daga ranar ko sunan ciwon ba a faɗi a gidanmu.

Daminar da nake ajin ƙarshe a sakandare, wata la'asar muna dawowa daga famfo, Habibu ya ajiye bokitinsa ya shiga langa a bayan gidajen hayar ɗalibai. Habibun da ba a taɓa kayarwa ba, ya kama ƙafa, ya yi tsalle, ya kife, ba wanda ya taɓa shi. Yara suka yi masa ihu. Daga nan sai amai kowace safiya, ciwon kai, in ya ɗauko ruwa rabi a hanya yake zubewa. Malaminsu ya zane shi, wai lalaci ne. Gwaggo ta turnuƙe ɗaki da hayaƙi. Na ce, "Mama, a mayar da shi asibiti mana!" Gwaggo ta ce, "Ke, rufe mana baki, uwar iyayi. Kin fi Allah sani?" Baba ya sunkuyar da kai. Wannan sunkuyawar har yau ban yafe ta ba.

Sai da idonsa na hagu ya daina gani aka kai shi. An cire ƙarin, ido bai dawo ba. Yanzu yana zaman shagon Baba, in yara suna langa sai ya juya musu gefen da ba ya gani.

Yau ga wata jikar Gwaggo ita ma ta gama irin maganin sankarar da aka yi wa Habibu, har an jiƙa shinkafar waina. Su ci wainarsu. Duk ranar da likita ya sa, ni zan goya yarinyar in kai ta. Mai son hana ni ya tare hanya.