Agogon Da Ya Tona Mini Asiri

Sau biyu ciki yana zube mini, kuma sau biyun gidanmu na Akurba ya cika da masu jaje, kowa da irin maganin da zai ba ni. Da na samu na uku sai na rantse ba mai sani, daga ni sai maigidana, har sai ya kai wata biyar. Ko awo ma can wani asibiti nake zuwa a bayan gari, a keke napep, da niƙabi.

Sati bakwai kacal, sai ga surukata ta aiko daga Adogi da zogale da man shanu, wai in daina ɗaukar abu mai nauyi. Kan uba! Na tasa maigidan a gaba, na ce bakinsa ba ya riƙe magana. Ya rantse har ya gaji, ban yarda ba, kwana uku ko ruwa ban miƙa masa da fara'a ba. Na zargi nas ɗin asibitin. Na canza mai keke. Maƙwabciyata in ta gaishe ni sai in ga cikina take kallo.

Ashe ɓarawon yana ɗaure a hannuna. Wani agogo ne da ƙanwar maigidan, ma'aikaciyar jinya, ta kawo mini tsaraba, mai ƙirga taku da bugun zuciya. Ita ta saita shi da wayarta, wai mu riƙa gasar tafiya don rage teɓa, ni kuwa na manta. Da zargi ya zagayo kanta na matsa mata, ta yi dariya, ta ce ai ba sai an faɗa mata ba: bugun zuciyata ya ƙaru, barcina na rana ya yi yawa, takuna ya ragu, ban da ranar Talata da nake zuwa awo. Wallahi ji na yi kamar an leƙa ni a banɗaki.

Washegari da safe na cire shi na jefa a durowa, ban sanar da kowa ba. Kafin la'asar na ji tsayuwar keke a ƙofar gida. Surukata ce, idanunta jawur. 'Yarta ta kira ta, ta ce tun safe ba ta ga motsina ba, kuma ban ɗauki waya ba.

"'Yar nan, wannan ma ya tafi ne?"

Maganar da ko uwata ban iya yi wa ba, dole na sunkuyar da kai na yi ta da bakina, maƙwabta suna tsaye a zaure.

"Yana nan, Inna."