Takardar da na karanta wa tsohuwa a Gazawa

Ni fa ban nemi shiga zancen nan ba, jawo ni aka yi, amma ko gobe aka tashe ni daga barci sai na tuna shi. Ina zaune bisa moto bakin tashar Gazawa ina jiran fasinja, sai ga yayana ɗan kawuna, dillalin gidaje, ya ce in zo in ara mishi bakina. Na ce bakina na haya ne, kuma yau a cike yake. Ya ja ni har da moton.

Lokacin duk mai ɗaki huɗu a garinmu ya gane buhu ya fi mutum daɗin haya. Buhun aya ba ya cewa rufi na zuba, buhun wake ba ya haihuwa. Sai kowa ya koma fid da mutane yana mai da gida magaza, wurin ajiye buhuna. To akwai wani gida bayan kasuwa, mai shi ya yi wa wani Alhaji ɗan Katsina alkawarinshi. Ƴan haya duk sun tashi, saura wata tsohuwa a ɗakin ƙurya, ta ce ba ta da inda za ta. Yayana ya je sau uku, ruwa kawai take ba shi ya sha ya fito.

"Kai ka yi lakol," in ji shi. "Ka tsorata ta da faransanci."

Lakol ɗin nan, wato bokon da na yi, aji huɗu ne, shi ma rabi a bayan katanga na yi shi. Amma na ji daɗin yabon. Na samo tsohuwar takardar kuran, wato ta kuɗin wutar lantarki, ta wani shago, mai hatimi shuɗi, na linke na sa aljihu.

Da hantsi muka shiga, mu uku da Alhaji. Tsohuwa na tsinkar zogale a faifai. Ko gaisuwar kirki ban yi ba, na hau nuna wa Alhaji ɗakuna kamar ubana ya gina su. Da muka zo kanta na ce, "Wagga kuma kyauta ce, Alhaji, tana cikin kayan gida." Yayana ya yi dariya. Alhaji bai yi ba.

Na zaro takarda na gyara murya. Duk faransancin da na taɓa ji bakin jandarma na zuba, har da sunayen ranakun mako. Sannan na fassara: wai buro, ofishin hukuma, ya ba ta kwana uku, in ba haka ba a fid da kayanta titi. Na ga hannunta ya tsaya cikin zogalen. Wallahi na gani, kuma na ci gaba.

Ta daɗe tana kallona. Sai ta ce, "Yaro, ɗan wa ne kai?"

Na ce ɗan mai ƙosan bakin tasha.

"Wadda ta zo daga hayi da tsohon ciki, shekarar da mijinta ya rasu?"

Na ce ita.

Ta dafa bango ta tashi, ta ɗauko ƴar kwasa ta tono, ta taka har gindin zogalen bayan ɗakinta, ta miƙo min. "Ɗakin can na kusa da zaure uwarka ta kama haya. Ni na karɓe ka, ni na yanke cibiya, mabiyiyarka nan na binne ta. Tun da buro ya ce a kwashe kaya, fara da naka."

Ni da ba a taɓa kulle min baki a tasha ba, na tsaya riƙe da kwasa kamar sabon ɗan ƙodago. Alhaji ya karɓi takardar daga hannuna, ya juya ta, ya ce, "Wannan ai ta wuta ce." Ya ce wa yayana ɗakuna ukun gaba sun ishe shi, a bar Iya inda take, ya ma samu mai kula mishi da gida. Can ta zauna har Allah ya karɓi abinshi.

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Innata ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ɗaure ƙosai a leda ta ce in koma in durƙusa.

Na koma, na durƙusa. Daga ranar na koyi cewa baki mai kaifi ba a gwada shi kan wanda ba ya iya karanta takarda, kuma ban sake shiga fid da kowa daga ɗaki ba. Amma halin bai sake ni nan take ba, sai da na nemi mafita.

"Iya, ki yi haƙuri. Ai ban san ke ce ba. Da na sani, wallahi ko ƙofar ba zan taka ba."

Ta kwance ledar, ta ɗauki ƙosai guda, ta busa.

"Na ji, ɗan nan. To da wata tsohuwar ce, wadda ba ta yanke maka cibiya ba, yau a wane titi take kwana?"