Rumbun Malam Bawa

Ban taɓa mantawa da ranar da na rubuta "ba asara" a gaban sunan Malam Bawa ba. Lokacin ina malamin gona a ƙaramar hukumar Bunguɗu, wasu ƙauyuka na wajen Furfuri ne a hannuna. Aikinmu shi ne bin manoma gona-gona da shawara kan iri da taki, in kuma bala'i ya faɗa musu, mu ne idon ofis.

Daminar ta zo da wahala tun farko. Ruwa ya yi jinkiri, shukar fari ta ƙone, aka sake wata. Da watan Agusta ya kama sai sama ta buɗe, kwana da kwanaki ba a ga rana ba. Gulbi ya cika ya batse, ya shanye gonakin fadama, ya shigo wani ƙauyena har gwiwa.

Oga, wato shugaban sashen gona, ya ba mu takardun ƙiyasi: sunan magidanci, da abin da ya rasa na gona, ɗaki, rumbu ko dabba. Da wannan takarda za a aiko hatsi da irin wake daga Gusau. Ya ce, "Kwana uku na ba ku. Wanda sunansa bai shiga ba, ba ruwana."

Ni kuwa da gaggawata, wai ga mai dabara, maimakon in bi gida-gida sai na sa mai gari ya tara magidanta a ƙofar gidansa. Ina kiran suna da ƙarfi, mutum ya faɗi asararsa kowa na ji. Da na zo kan Malam Bawa, dattijo ne mai farin gemu wanda aka san gidansa da ciyar da baƙi, na ce, "Baba, rumbu fa?"

Ya ce, "Alhamdulillahi. Rubuta waɗanda abin ya shafa."

Na rubuta, na wuce. Har daɗi na ji wai an sami mutum ɗaya da bai yi ƙari ba.

Bayan mako biyu motar kaya ta iso. Malam Bawa ne ma ya tsaya yana daidaita layi, kowa ya ɗauki buhunsa, shi ya koma gida hannu sake. Da aka watse na zaga bayan gari duba wata gona, sai wani warin tsami ya buge ni. Na leƙa ta inda dangar gidan Malam Bawa ta faɗi. Innalillahi! Rumbu na tsaye ƙyam, amma gindinsa ya jiƙe, har tsiro ya huda ƙasar ya fito kore shar. Matarsa, Inna Hassi, ta baje gero baƙi ƙirin a tabarma tana tsintar na ci.

Na yi sallama, na ce, "Inna, me ya hana Baba ya faɗa?"

Ta ɗago ta dube ni. "Kai yaro, mi kake so ya ce? Mazan ɗiyansa biyu na zaune wurin. Gaban surukansa zai ce ba ya iya ci da gidansa?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni ma fa ɗan ƙauye ne, na san magidanci ba ya buɗe cikin rumbunsa a bainar jama'a. Takarda ce ta rufe mini ido. Gida mai yara da jikoki, ga gonar fadama ta tafi, ga kaka da sauran nisa.

Washegari na hau babur sai ofis, na roƙi a saka sunan Malam Bawa a takardar. Oga ya ce, "An rufe, ta riga ta tafi Gusau. Kai ka rubuta ba asara, ko ni?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Amma ko an buɗe, wannan dattijon ba zai karɓi kayan agaji ba. Ina maganar gonar gwajin da ba mu ba kowa ba?"

Gonar gwaji ita ce wadda ofis ke zaɓar manomi nagari, a ba shi sabon iri da taki ya shuka, maƙwabta su gani su koya. Oga ya juya biro a hannunsa. Can ya ce, "Akwai ragowar masara buhu biyu a sito. Abincin masu aikin gonar ke nan. Tashi ka ba ni wuri."

Na sami Malam Bawa shi kaɗai a gonarsa ta tudu. Na durƙusa na ce, "Baba, alfarma na zo nema. Akwai waken da ke nuna cikin wata biyu, mutane ba za su yarda da shi ba sai sun gani a hannunka." Ya tambaye ni tazarar shuka da lokacin feshi, tamkar dai gaske. Ya ce in kawo. Na kai masa iri da taki, na haɗa da masarar a matsayin abincin masu aikin gona.

Waken ya yi, har ya raba wa maƙwabta iri. Ranar da na je ganin roro ya rako ni har bakin hanya, ya riƙe kan babur ɗina, ya ce, "Malamin gona, tun ranar na san abin da ka yi. Ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka." Na kasa ce masa ni ne na bar gidansa da yunwa mako biyu.

Ku da kuke shigowa aikin yanzu, in an aike ku ƙiyasi ku bi gida-gida, ku ja magidanci gefe, ku tambaye shi a hankali. Mutanenmu sun fi iya kwana da yunwa a kan a ji bakinsu.