Kawu Illo da Rana

Duk wanda ya san Kawu Illo ya san ba hanya yake bi ba, inuwa yake bi. Daga gida zuwa rumfarsa ta albasa tafiyar minti biyar ce. Shi sai ya kwashe rabin awa yana raɓe-raɓe jikin katangu, da malfa kamar faifai da riga mai dogon hannu ko cikin bazara. Zabiya ne, kuma gabarsa da rana ba ta wasa ba ce.

Ran nan za shi Gaya. Gadar kogin da ake ƙetarewa ba ta da inuwa, sai ya jira wata babbar mota da 'yan duwan, wato kwastan, suka saki, tana jan ciki, ya jera da ita. Jandarma ya tare shi: "Tsoho, kai da direba kuke?"

"A'a, ni da inuwarsa muke."

Na taɓa karanta masa cewa Turawa na biya su kwanta cikin akwati mai fitilu don fatarsu ta yi duhu, har wasu su kwashi ciwon daji. Sai ya tambaye ni, da sunan da ake kiran malamin makaranta a nan:

"Mushe, su ne suka rubuta littattafan da kake koyarwa?"

Na ce su ne.

"To, ka riƙa dubawa."

Yana da gyambo a kunne, tsohon abu ne, tun yana yaro a gonakin shinkafar Garu, kai ba hula. Lokotoro ya ce dajin fata ne, an makara. Kawu ya ce, "Ni na makara. Rabi ba ta makara ba."

Rabi jikarsa ce, ita ma zabiya, ajina take. Da ya ji ana tsai da su fili lokacin motsa jiki, sai ga shi lakwal, makarantarmu, da laima, ya shiga layi bayanta. Darakta ya ce, "Baba, doka ce."

"Doka ta ce a tsaya. Ta ce a gasu?"

Kwana uku yana zuwa. A na huɗu aka koma ƙarƙashin dogon-yaro.

Ranar da Kawu ya cika, da hantsi ne. Liman na gaggawar a kai shi kafin azahar, sai Inna, matarsa, ta fito da wasiyyarsa: a jira la'asar. Ya ce ya san Rabi, za ta tsaya ƙofar gida har a dawo daga maƙabarta, kuma ba wanda zai iya korarta ciki.

Muka jira. Ta kuwa tsaya.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yafe maka. Ita kuma Allah ya ba ta tsawon rai da lafiya.