Abin da Ke Kai Kaleb Kan Dutse

Kaleb ma'aikacin asibiti ne a Kagoro, ya ba arba'in baya sannan ya fara digiri ta intanet. Gidansa babu sabis na waya, don haka shekara huɗu cur, kowace Asabar sai ya hau dutse ya saurari darasi a waya. Matan zumunta na cocinsu suka ɗauka addu'a yake zuwa yi. Shugabarsu, Mama Hulda, takan tare shi ta ce, "Ɗana, ka sa jikana a addu'arka." Kunya ta hana shi gaya mata gaskiya.

Ranar da sakamako ya fito, ya sauko, ya ce mata ya ci jarrabawar digirinsa.

Tsohuwa ta rangaɗa guɗa. "Ai dole! Wa ya kai ka naci wurin Ubangiji?"

Kaleb ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Amin, Mama."