Sai Jan Ƙyalle Ya Wuce

Shekara tara Jinadasa ya yi yana tsaron shingen jirgin ƙasa a ƙauyensu, can cikin gonakin roba na hanyar Ratnapura, kafin a daina jirgin a ciccire layin dogo. Shingen kaɗai aka bari, shi ma don ba wanda ya iya ja da Jinadasa. Kafaffen mutum ne, in ya ce a'a an gama magana.

Ya doshi tamanin sa'ad da mutanen birnin Colombo suka fara zuwa hutu da kekuna, suna bin tsohon layin. Layin kuwa ta bayan dutse yake gangarowa ya ratsa titi, mai keke ba ya ganin mota, mai mota ba ya ganinsa. Tsoho ya kakkaɓe tutarsa ya koma aiki, ba wanda ya sa shi.

Dokar aikinsu ɗaya ce: ba a buɗe shinge sai an ga jar fitilar taragon ƙarshe. Don haka ya ba Nilanthi, mai jagorantar masu kekunan, jan ƙyalle ta riƙa ɗaura wa keken baya.

Direbobi suka kai ƙara. Ran wata Asabar jami'in hanyoyi, Weerakoon, ya iso da takardar cire shingen, ya tarar da shi a rufe. Kekuna goma sha ɗaya suka wuce, sai shiru.

"Baba, jirgin naka ya wuce," in ji wani direban motar katako. "Ko sai ya sha ruwa?"

"Bai wuce ba."

"Baba, a bakin aiki nake," Weerakoon ya ce. "Buɗe."

"Ranka ya daɗe, ni ma a bakin nawa nake. Ban ga ja ba."

Minti shida ana danna masa ƙahon mota. Tsoro ya kama shi sosai, don ya san yau yana iya rasa abin da ya rage masa na aikinsa. Amma ya rungume ƙarfen ya ƙi saki.

Sai ga keke ya ɓullo daga bayan dutsen a guje. Wata dattijuwa ce a kai, birki ya tsinke, tana jan ƙafa a ƙasa, jan ƙyalle na kaɗawa a bayanta. Ta keta titin daidai inda motar katakon za ta bi, ta zarce cikin ciyawa, Nilanthi ta tare ta.

Ƙahon ya ɗauke. Jinadasa ya ɗaga shingen a hankali, ya kaɗa koriyar tuta.

Weerakoon ya jima yana kallon sawun tayar a kan kwalta. Ya ninke takardarsa ya cusa a aljihu.

"Baba, shingen nan naka duk tsatsa. Wane fenti ake shafa masa?"

"Ja da fari, ɗana. Tun da can ma haka yake."