Kunnen Baba Sani

A bakin hanyar Makoda akwai wata tsamiya da gindinta ya yi baƙi ƙirin da baƙin mai. A nan Malam Muhammadu Sani ya shafe shekara talatin da huɗu yana kanikanci, amma idan ka tambayi wannan suna sai a yi ta kallon-kallo. Ka ce Baba Sani Mai Kunne, ko matan kulle sa kwatanta maka wurin.

Bai yi boko ba, bai taɓa riƙe na'urar gwajin mota ba. Kunne Allah ya ba shi. Mota na tahowa daga nesa, yana zaune yana ɓare gyaɗa, zai ce wa Hashimu mai faci, maƙwabcinsa a gindin tsamiyar, ga abin da ke damunta, kuma haka za a tarar. Ga shi da baki. Idan ya ga sababbin kanikawa na shafa ruwan sabulu a tiyo don neman inda iska ke zurarewa, sai ya ce: "Gyara kuka zo ko wanki?"

To, kunnen nan ne ya fara tafiya, a hankali, ba sallama. Da farko kukan tsuntsayen tsamiya ya daina ji, bai ma lura ba. Daga baya sai ya ga a masallaci yana satar kallon na kusa da shi kafin ya yi ruku'u. Matarsa Tahira ce kaɗai ta gane da wuri. Ba ta taɓa ɗaga maganar ba, sai dai ta koma idan za ta yi masa magana ta zagayo gabansa. A gareji kuwa ya koyi karantar baki da gyaɗa kai, injin mota kuma yana ɗora masa tafin hannu ya ji bugunsa. Shekara biyu yana wannan ɓoyo, kullum gabansa na faɗuwa, domin ya san ranar da aka gane, ba sauran Mai Kunne.

Ana tsakar damina Alhaji Kamaruddeen, ɗan marigayi amininsa, ya kawo wata jif 'yar Kwatano da ya saya saboda hanyar gonarsa ta Bagwai. Motar ba sifirin gare ta ba. A kan jakunkunan roba huɗu take zaune, wani ɗan famfo a ƙarƙashinta yana hura musu iska, idan sun cika ya yi shiru.

"Baba, kullum da safe sai na tarar ta gurfana kamar raƙumi," in ji Alhaji. "An ce na kai ta Kano, na ce ina da uba a gida."

Baba Sani ya yi murmushin yaƙe. Ciwon inji hannu na iya ji, amma iska mai zurarewa sai kunne, kuma siririn huci ne wanda ko mai lafiya sai ya riƙe numfashi. Ya shiga ƙarƙashin motar, ya kara kunnensa a kowace jaka, mutane na tsaye suna jiran hukunci. Bai ji komai ba, sai wani zuuu da ke cikin kansa dare da rana. Ya fito ya karkaɗe riga ya ce a bar masa ita.

Washegari ana idar da sallar asuba ya sulale gareji da ragowar sabulun Tahira a aljihu. Ya kaɗa kumfa a gwangwani yana waige-waige kamar ɓarawon akuya. Dattijo mai furfura, kwance a laka, yana yin abin da ya shekara yana yi wa yara dariya a kai! Abin ya yi masa ciwo har ya ji ƙwalla. A jakar baya ta hagu kumfa ta taso. Ya goge wurin tas, ya jefa gwangwanin cikin dawa, sannan da hantsi ya sanar da jama'a cewa ya ji ta.

Aka aiko da wata jakar daga Kano ya ɗaura. Da jakunkunan suka cika iska ya yanko kara, ya auna tsayin motar daga ƙasa a kusurwa huɗu, duk suka zo daidai. Ƙa'idarsa ce irin wannan mota ta kwana a wurinsa a ga ko za ta sake gurfana, amma wannan karon so yake ta bar gabansa tun asirinsa na rufe. Da Alhaji ya zo aka tayar da ita, ta miƙe ƙyam.

Abin da bai sani ba, akwai wata 'yar tsaga a tiyon da ya bi ta bayan tankin mai, inda kumfa ba ta kai ba. Motar ta tsaya daidai ne kawai don famfon bai huta ba. Gurnani yake ta yi ba ƙaƙƙautawa, wajen mutum bakwai na tsaye suna ji. Alhaji ya kalli Hashimu, Hashimu ya kalli ƙasa. Wa zai buɗe baki ya ce wa Mai Kunne ga ƙara? Alhaji ya raya a ransa, tunda Baba ya ji bai ce komai ba, haka motar take. Ya durƙusa ya yi godiya ya ja abarsa.

Kwana biyu aka yi, famfon ya ƙone a tsakiyar hanyar gona. Motar ta zube da ciki a cikin taɓo, sai da aka ɗauro shanun huɗa suka jawo ta. Alhaji bai zo da faɗa ba, bai ma zo ba sam, babbar mota ya samo ta kwashe ta zuwa Kano. Da ma zagi ya aiko, da ya fi sauƙi.

Hashimu ne ya kawo wa Baba Sani labarin bayan la'asar. Ya zagayo gabansa, ya tsuguna, yana buɗe baki sosai yana magana dalla-dalla. Baba Sani bai tsaya kan maganar motar ba, zagayowar nan ya gani. Haka Tahira ke yi.

"Tun yaushe kuka sani?" ya tambaya.

Hashimu ya daɗe yana wasa da tsakuwa. "Tun bara, Baba."

"Su wa da wa?"

"Duk wanda ke zama a nan."

"Ranar nan famfon yana kuka?"

"Yana yi."

"Kuka yi shiru."

"Baba, da wane bakin za mu faɗa maka?"

Ashe duk shekarar nan shi kaɗai ke zaton yana ɓoyo. Ashe masu kawo masa mota suna kai ta wani wuri daga baya a ɓoye, don kada ransa ya ɓaci. Tausayinsa ake ji, shi da ake tasowa daga Bici a tambaye shi.

Ya tattara sifanunsa a buhu, ya bar wa Hashimu jak. Da ya isa gida Tahira ta ga buhun, ta ajiye tsintsiya ta zagayo gabansa za ta yi magana. Ya ɗaga mata hannu.

"Koma inda kike ki faɗa," ya ce. "Ina so na gwada."

Ya juya mata baya, ya riƙe numfashi. Ya daɗe a haka yana jira, kajin tsakar gida na ta kai-kawo a gabansa, kafin ya ce: "To, faɗi mana."

Tahira ta sa gefen zane ta share ido. Sau uku ta riga ta kira sunansa.